Ɗan Littafin Cikin Kwalin Gem

Zuwa ga ɗan Hajiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, gaisuwar da ban taɓa yi maka da baki ba. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, ko da yake na san lafiyarka ƙalau, tunda ɗazu ina jin ka a tsakar gida kuna musu da ƙanwarka a kan wanda ya fi wani tsawo. Allah Ya tsare ka a tafiyar gobe, Ya buɗe maka hanya, Ya rufe idon mugu daga motarku har ku sauka.

Kada ka yi mamakin wasiƙa daga ɗaki zuwa ɗaki. Na sa ta a aljihun wandon makarantar da na goge maka, don na san da la'asar za ka gwada shi. Ka karanta ta yau, daga farko, kada ka yi halina na leƙa shafin ƙarshe kafin a fara labari.

Kai ne ɗan farina, ka kuma san abin da hakan ke nufi a wurinmu. Ban taɓa kama sunanka ba. Ban taɓa ɗaukar ka a gaban mutane ba. Ana yaye ka kakarka Hajiya ta ɗauke ka zuwa ɗakinta, ka tashi kana kiran ta Inna, ni kuma kana kira na Yaya. Haka aka yi wa babban wana a garinmu Mairuwa ta ƙasar Faskari, haka aka yi wa babanka, ba wanda ya ce an zalunce shi. Amma gobe za ka tafi makarantar kwana, wata uku ba ka gida, kuma ina tsoron ka tafi da zaton cewa matar da ke juya maka baya a bakin murhu ba ta damu da tafiyarka ba. Wannan tsoron ne ya sa ni ɗaukar biro. Ban iya wa'azi ba. Kurakuraina zan lissafa maka, ka tsinci abin tsinta.

Lokacin da aka kawo ni Ƙanƙara, cikin kayana har da ɗan buhun littattafan soyayya da na ɓoye a ƙarƙashin zannuwan gado. Wata biyu na cinye su, na sake maimaitawa. A lokacin babanka yana da gidan gem kusa da tasha, inda yara ke biya su yi wasa a talbijin, talbijin uku, benci biyu, da janareto mai tari. Yakan je Kano ya sayo faya-fayan gem na gwanjo, kowanne a cikin kwalinsa na roba, kuma kowane kwali da ɗan littafi maƙale a murfinsa. Yaran da ke zuwa shagon ba mai duba su. Sai wata rana ya tattaro su a leda ya kawo mini.

"Ga takardu nan, ki riƙa hura wuta," in ji shi.

Na ɗauki ɗaya zan yaga, sai ya buɗe a hannuna. Ban hura wutar ba sai da Hajiya ta leƙo ta tambaya ko yau azumi muke.

Kai ka ga littattafan nan, amma kana ƙarami, ban san abin da ya rage maka a ka ba. Takardarsu santsi gare ta, tana da ƙamshi irin na sabon takalmi. A shafin farko akwai hoton abin dannawar nan da kuke kira hannu, an ja layi daga kowane maɓalli an rubuta aikinsa. Daga nan sai fuskokin mutanen cikin gem ɗin, kowa da sunansa da layi biyu ko uku na tarihinsa, wane ne ubansa, me aka ƙwace masa, me ya fito nema. Wani har da taswira a ninke. A can baya kuma sukan bar shafuka farare masu layi, don mai wasa ya rubuta abin da ya gano. A cikin wani na tarar da rubutun yaro da fensir, karkatacce, lambobi da kibau, a ƙarƙashinsa kuma wani hannun babba ya gyara masa da biro. Na daɗe ina kallon shafin nan. Na ce a raina wannan hannun uwa ne, a wata ƙasa mai sanyi, tana zaune kusa da ɗanta ba wanda ya ce mata ta ji kunya. Lokacin kana cikina.

Turancina na aji uku ne, sai na haɗa da ƙamus. Waɗanda ke da Turanci nakan tsinci ma'anarsu da ƙyar. Wasu kuwa rubutunsu kamar sawun kaza a rairayi, ko babanka bai san na wace ƙasa ba ne. Su ma ban bar su ba, hotunan nake kallo in ƙulla musu labari.

Kana da shekara bakwai babanka ya kawo tsohuwar na'ura gida, ya haɗa maka da talbijin ɗin rumfa. Kwana biyu ka maƙale a wani wuri, mutuminka na cikin gem ɗin ya kasa tsallake rami. Ka je kana jan rigar babanka, ya ce, "Ni mi na sani? Tahi wurin Yayarka, ita ce malamar takardun ga."

Ka zo bakin ƙofata ka tsaya, hannunka a baya. Ni kuma na kalli Hajiya. Tana tsinke zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ai karatu ne. Ba a kunyar karatu."

Ɗan Hajiya, ranar na zauna a tabarma ɗaya da kai. Gwiwarka tana taɓa tawa. Tun yaye ban ji ɗumin jikinka ba sai ranar. Na buɗe littafin na nuna maka cewa sai an danna maɓalli biyu tare, ka danna, mutumin ya tsallake, ka juyo ka yi mini dariya da giɓin haƙoranka. Daga nan kullum in ka taso makaranta ka ci abinci, sai in ji, "Yaya, zo ki karanta mani." In aje muciya in zo. Ba wanda ya isa ya ce komai, ai karatu ne.

A nan na yi kuskurena na farko. Littattafan Turancin suka ƙare, ka ci duk gem ɗinsu, saura masu sawun kaza. Na san in na ce maka ban iya ba, zaman tabarma ya ƙare. Sai na riƙa bin rubutun da yatsa kamar ina karantawa, ina zuba maka abin da ke kaina. Ka tuna gem ɗin nan na saurayi mai takobi da yarinyar da aka kulle a saman hasumiya? Na raɗa musu sunayen Hausa, na ce tun suna yara suke son juna, na sa mata hawaye, na sa masa wasiƙu. Da ka isa ƙofar ƙarshe inda ƙaton dodon nan ke tsaye, ka ce, "Yaya, da mi ake kashe shi?" Ban sani ba. Kuma a irin labaran da nake karantawa, wanda ke tsare ƙofar yarinya ubanta ne. Sai na ce, "Ba a kashe shi. Surukinsa ne. Gaishe shi ake yi."

Ka yarda. Mako uku kana zuwa gaban dodon nan kana danna maɓallin durƙuso, mutuminka ya tsuguna, dodo ya take shi, ka sake farawa. Ka ce mini, "Yaya, har yanzu bai amsa ba." Na ce, "Haka surukai suke, sai da haƙuri." Ina kallon ka, ina jin zuciyata na cewa in faɗa maka gaskiya, ina cewa gobe.

Ka ji shawarata a kan wannan. In ba ka san abu ba, ka ce ba ka sani ba, ko da faɗin hakan zai raba ka da wurin zaman da kake so. A makarantar da za ka, za a tambaye ka abubuwa a gaban aji, za ka ji bakinka na ƙaiƙayin ƙirƙirar amsa. Wannan ƙaiƙayin a wurina ka gada, ka yaƙe shi. Kuma ko mai ƙaunarka ne ya gaya maka abu, in ka gwada sau uku ka ga ana take ka, ka je ka tambayi wani. Ƙauna ba ta mayar da mutum masani.

Asirina ya tonu ranar wata Asabar da babanka ya tafi da kai shago. Ka sa faifan nan a gaban manyan yara, ka je gaban dodo ka tsuguna. Babanka ya ce mini benci ya kusa karyewa don dariya. Wani ya ƙwace hannun ya sari dodon sau biyar ya faɗi, ƙofa ta buɗe. Suka raɗa maka Mai Gaida Dodo, sunan da ya bi ka har aji shida.

Ka dawo gida da gudu. Ranar Gwaggo ta garin Sabuwa, yayar Hajiya, ta zo, tsakar gida cike da mata ana gaishe ta. Ka ratsa su ka tsaya a gabana, hawaye har wuya, ka ce, "Yaya, ashe ƙarya kike mani?"

Gwaggo ta kalle ni ta kalli Hajiya ta ce, "A'a! Yau ga sabon salo. Ɗan fari ke tsaye gaban uwa tana kallonsa ido cikin ido? Ko 'yan Faskari sun sayar da kunyarsu a kasuwar Yankara?"

Matan suka yi dariya. Abin da ya kamata in yi shi ne in durƙusa in ce maka, e, ƙarya na yi, ka yafe mini. Sai na ja mayafi na juya fuska na ce, "Hajiya, ku ce wa ɗanku ya tashi mani daga nan."

Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko muni. Na ga yadda ka haɗiye kukan. Ka juya ka shiga ɗakin Hajiya. Daga ranar ba ka ƙara cewa in zo in karanta maka ba.

Ba zan zagi kunya ba, ita ta rene ni, kuma ina so ka riƙe ta, ka ji nauyin malamanka, ka sadda kai gaban manya. Amma ka sani akwai lokacin da mutum ke fakewa da ita don tsoron dariyar jama'a, ya kira abin da tarbiyya. In wani ya zo gabanka da hawaye yana neman gaskiya a wurinka, ko ƙaramin ɗan aji ɗaya ne, ka ba shi amsa tukuna. Masu dariya za su tashi su tafi gidajensu. Gwaggo kwana biyu ta yi ta koma Sabuwa, na tabbata kafin ta isa ta manta. Ni ce na rage da kai a gida ɗaya shekara bakwai, muna wuce juna a bakin randa.

Kuskurena na uku ban taɓa gaya wa kowa ba, ko babanka. Washegarin Asabar ɗin nan da hantsi, haushin kaina ya ishe ni, na kwaso littattafan nan duka na tura su a murhu. Ba sa ma cin wuta da kyau, sai hayaƙi kore da shuɗi, suna nannaɗewa. Har da mai rubutun yaron nan da uwarsa. A raina na ce ba komai, in babanka ya je Kano zai kawo wasu, in zaɓi masu Turanci zalla, in zauna da ƙamus in koye su tsaf, in zo maka da gaskiya mu sake sabon zama.

Ya je Kano ya dawo. Na karɓi ledar tun a zaure, na buɗe kwali na farko. Maƙalin littafin na nan a murfi, amma ba komai a ciki. Na biyu, 'yar takarda guda ɗaya mai gargaɗi da ƙananan baƙaƙe. Na uku, wayam.

Na ce, "Malam, an cuce ka. An zare littattafan."

Ya yi dariya ya ce, "Ba wanda ya zare. Sun daina sa su. Yanzu gem ɗin ne ke koya ma yaro da kansa, kibiya ta fito ta ce danna nan. Wa ke da lokacin karatu?"

Ni ke da shi. Ba wanda ya tambaye ni. Daga baya ma faya-fayan suka ɓace, sai a zuba gem ashirin a cikin na'ura daga kwamfuta, ba kwali ba hoto. Sannan komai ya koma cikin waya, babanka ya sayar da talbijin ɗin ya mayar da shagon wurin caji da gyaran wayoyi. Na sa an duba mini a Funtuwa, an duba a Katsina, ko da tsohon ɗan littafin gem guda ɗaya. Masu kaya suka riƙa tambaya wai me za a yi da shi.

To ka ji. Kada ka ƙona abu cikin fushi da zaton kasuwa za ta kawo wani. Ko littafi ne, ko abota, ko wata 'yar hanya da kake bi ka isa ga mutum. Wani abin kana riƙe da na ƙarshensa ne ba ka sani ba, don ba a yin shela ranar da za a daina.

Ina yawan tunanin mutanen da suka yanke shawarar daina buga littattafan nan. Na san suna da dalilansu, takarda da tawada da nauyin kaya, ga shi yaro yana gane wasan ba tare da su ba. Gaskiyarsu ce, kun fi mu saurin ganewa. Amma wancan ɗan littafin yana buƙatar mutum biyu, ɗaya hannunsa a kan maɓalli, ɗaya yana riƙe da shafi. Na yanzu mutum ɗaya ya ishe shi. Kana zaune a bakin rumfa, kanka a sunkuye, waya tana gaya maka komai, ni ina wucewa da tsintsiya ina satar kallon ƙeyarka, ba ni da abin da zan kawo.

Ko kuwa haka na ɗauka. Ga na huɗu, shi ne sabo, bara ne. Ina tankaɗe a ƙofar ɗakin girki ka zo ka tsaya da wayar babanka. Ka ce, ba ka ko kalle ni ba, "Yaya, kin ga wannan. Shi ma akwai yarinya a hasumiya."

Na ji kamar an soke ni. Na ɗauka gori ne. Na ce, "Aiki nake."

Ka ɗan tsaya, sannan ka tafi. Sai da na gama tankaɗen, ina kaɗe rariya, na gane abin da ya faru. Yaro mai shekara goma sha uku ya haɗiye abin da aka yi masa, ya nemo dalili, ya kawo shi har ƙofa. Ni da na karanta littattafai ɗari a kan masu kasa gane saƙon zuciya, ina jin haushinsu ina cewa ai ni da na gane, ga shi an kawo mini nawa da rana tsaka na ce aiki nake. Na jira ka sake zuwa. Ba ka sake ba.

In wani ya nuna maka abu, ko ba ka ga amfaninsa ba, ka aje abin hannunka ka duba. Sau da yawa ba abin ne yake nuna maka ba.

Sauran shawarwarin ka ji su a bakin Hajiya da babanka, ba sai na tsawaita ba. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka rubuta sunanka a gindin bokitinka. In an ba ku takardar dokokin makaranta ka karanta ta duka, har ƙananan baƙaƙen, ni shafukan gargaɗi nake tsallakewa kullum, ban ga da kyau ba. Ba a barin waya a can, don haka ba kibiyar da za ta fito ta ce maka danna nan. Za ka koma tambayar mutane. Ka zaɓi wanda ke iya cewa ban sani ba, ka zauna kusa da shi. In zazzaɓi ya kama ka kada ka yi jarumta, ka faɗa. Man zafin yana cikin safar da ke kusurwar akwati, ƙulin kuma ni na yi shi, ko da Hajiya za ta ce maka ita ce. In kun zo wucewa ta Mairuwa ka dubi hannun da kukoki suke, a nan na koyi karatu, a kan saiwar ɗaya daga cikinsu.

Yanzu ga roƙona. Gobe da safe gidan nan zai cika. Hajiya za ta riƙe kanka ta tofa maka addu'a, gwaggonninka za su raka ka har zaure, ƙanwarka za ta yi kuka. Ni ina bakin murhu na ba ku baya, ina juya kokon da ya riga ya dahu. Ba zan iya tasowa ba, na san kaina. Kuma ba ni da littafin da zan riƙo in ce karatu ne.

Don haka kai za ka kawo dalilin. Na san ba ni da bakin neman wannan a wurinka, sau biyu ka zo na kore ka. Amma ina roƙon ka zo na uku. Kafin ka ɗauki akwati, ka ratso matan nan ka tsaya a bayana ka tambaye ni wani abu. Ko mene ne. Ka ce ina aka aje hularka, ko da tana kanka. Wanda aka yi wa tambaya dole ya juyo, ko Gwaggo ba za ta ce komai ba. Zan juyo in dube ka sosai, in ƙare wa fuskarka kallon da zai ishe ni wata uku. In na san amsar zan faɗa maka. In ban sani ba zan ce ban sani ba.

In kuma ba ka zo ba, ba zan riƙe ka a zuciya ba, ni na jawo. Addu'ata dai za ta bi motar.

Allah Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai lafiya. Ya tsare ka daga sharrin hanya da na daji, da sharrin aboki mai daɗin baki. Ya ba ka ilimi mai amfani da malamai masu tausayi. Ya sa ka fi mu sani, ka fi mu gaskiya. Ya yafe mini abin da na rage maka.

Wassalam.

Daga wadda kake kira Yaya,
mahaifiyarka.